Takalmin Affan

Talata, 6 ga Agusta, bayan la'asar

Jiya na iso. Yaya Munzali ne ya ɗauko ni a filin jirgi, kuma tun daga can har unguwarmu New Bell bai ce mini komai ba sai "Kin rame." Ruwa ake yi. Na manta halin ruwan Douala, ba ya zuba ya wuce, zama yake yi.

An sauko wa Baba da katifa ƙasa a ɗakin tsakiya. Ɓarin jikinsa na dama duk ya shanye. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana fitar wa 'yan kasuwa kaya daga Port, tashar jiragen ruwa, wanda ake jin muryarsa tun daga bakin layi, yanzu sai ka kai kunne bakinsa. Ya gane ni. Ya ce "Zulfa," ko abin da ya yi kama da haka, ya ɗago hannun hagu, na sa fuskata a ciki.

Mama ta amsa gaisuwata, ta tambayi hanya, sannan ta ce in je in yi wanka kafin in zauna kusa da shi. Na ce na wanke hannu. Ta ce wanka ta ce.

Laraba, 7 ga Agusta, da hantsi

Gwaggo Baraka, yayar Baba, ta zo dubiya daga unguwar Logbaba. Ita ta faɗi abin da kowa yake ta kewaye-kewaye a kai.

Bara na aika wa Baba hoto daga Denmark, ina durƙushe a cikin rami da ɗan buroshi a hannu, ga ƙoƙon kan wani tsoho ya fara leƙowa daga yashi. Aikina ke nan. Ina nazarin yadda mutanen bakin teku na arewacin Turai suke binne matattunsu tun kafin su san noma, lokacin da abincinsu sai abin da suka harbo, ko suka kamo a ruwa, ko suka tsinto a daji. Baba ya ji daɗin hoton, ya nuna wa abokansa a ƙofar masallaci, ya ce ga 'yarsa za ta zama dakta. Daga nan hoton ya bi wayoyin unguwa.

Gwaggo ta ce, "Ke 'yar nan, tsakaninki da Allah, kaburbura kike tonewa a can?"

Na ce, "Gwaggo, mutanen da ne. Sun yi shekara dubu bakwai a ƙasa."

"Don sun daɗe sai su tashi daga mutane? Ubanki ƙalau yake har ya fara yawo da hoton nan a aljihu."

Baba ya daɗe da hawan jini, kuma ba ya shan magani sai ya ga dama. Duk gidan an sani. Mama tana gefe tana tsince shinkafa, ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba.

Alhamis, 8 ga Agusta, da yamma

Likita ya zo ya duba shi. Ya ce, "On va voir." Za mu gani. Ruwa ake yi.

Asabar, 10 ga Agusta, bayan azahar

Mama ta tafi kasuwa, Yaya Munzali yana ofis, aka bar ni da Baba. Yau ne karon farko.

Ya yi ta motsa baki, da ƙyar na gane "kare" yake cewa. Sai na tuna. Duk Lahadi in ya kira ni, bayan ya gama tambayar sanyi da ko ina samun naman halal, sai ya ce, "To, ba ni labarin mutanenki." A cikin labaran, na karen nan ya fi so. A kudancin Sweden an sami kabarin wani kare shi kaɗai, an kwantar da shi a tsanake, an sa masa wuƙaƙen dutse da ƙahon barewa irin tasu mai rassa. Wasu mutanen da ke kwance kusa da shi ba su sami ko rabin wannan ba. Baba yakan ce, "Wannan kare ya ciyar da gari."

Na sake ba shi daga farko. Rabin bakinsa ya yi dariya.

Na ci gaba, tunda na ga yana so. Na faɗa masa yadda suke barbaɗa wa mamaci jar ƙasa, wani a kai, wani a ƙugu, har yau in ka tona sai ka ga yashin ya yi ja kafin ka kai ga ƙashi. Na faɗa masa wasu tsofaffi da aka shimfiɗar a kan ƙahonin barewa kamar gado. Ya ce, "Ina… suke kallo?" Na ce ba su da alƙibla ɗaya, Baba. Wani a rigingine, wani a ƙudundune, wani ma a zaune aka binne shi. Ya lumshe ido ya ce, "Allah sarki."

Da na ji motsin Mama a ƙofa sai na yi shiru, kamar wadda aka kama da hannu a tukunya.

Litinin, 12 ga Agusta, da safe

Inge, malamar da ke duba aikina, ta turo saƙo. Ta ce sakamakon gwajin haƙoran tsohon nan na cikin hoto ya fito, in na sami sarari in duba. Na buɗe, na karanta layi biyu, na rufe.

An ɗauke wuta tun jiya. Ɗakin Baba yana warin man zafi da damshi. Ni da Yaya Munzali muka juya shi, na ga bayansa ya fara saɓulewa.

Laraba, 14 ga Agusta, bayan la'asar

Ruwa ya shigo tsakar gida har idon sawu. Mun ɗora buhun shinkafa a kan tebur, mun kwashe takalma. Mama ta je ta rufe tagar da ke kallon kwata ta sa sakata. Duk Agusta haka take yi, ba wanda yake tambaya.

Zan rubuta a nan, tunda a gidan nan ba a faɗa. Muna da ƙane, sunansa Affan. Yana da shekara shida, ina da tara. Rana irin ta yau ya fita wasan ruwa da yaran layi. Babbar kwatar bayan gidanmu ta cika ta haɗe da hanya, ba ka gane inda ƙasa ta ƙare. Maza sun yi kwanaki suna bin kwatar har inda ta faɗa kogin Wouri. Yaya Munzali yana cikinsu, lokacin ko gemu bai fara ba. Ba a sami Affan ba.

Tun daga ranar ban ƙara jin sunansa a bakin Mama ko Baba ba.

Juma'a, 16 ga Agusta, lokacin da maza suke masallaci

Da na sani da ban fara ba.

Mama tana wanka, Baba ya ce in ba shi wani. Bakina ya riga hankalina, na ɗauko labarin yarinyar nan ta kusa da Copenhagen. Ba ta kai ashirin ba, ga alama wurin haihuwa ta rasu. An kwantar da ita da adon haƙoran namun daji a gefen kanta, an kwantar da jaririnta a jikinta. Ba a ajiye jaririn a ƙasa tsura ba. An shimfiɗa masa fiffiken wani babban tsuntsun ruwa, fari, mai dogon wuya, ya fi dinya girma. A kai aka ɗora shi.

Ina kaiwa nan na ga hawaye yana bin kuncin Baba. Na ce, "Baba, yi haƙuri, bari in canza." Ya girgiza kai. Ya ɗaga hannu yana nuna saman kwaba, inda tsohuwar jakarsa ta fata take, wadda yake zuwa Port da ita. Na hau kujera na sauko da ita. A ƙarƙashin tsoffin takardu akwai wata leda a ƙulle. Na kwance.

Takalmin roba ne, shuɗi, ƙafar hagu, maɗaurin ya tsinke. Bai kai tsawon tafin hannuna ba.

Ban taɓa sanin an tsinci wani abu ba. An ce mana ba a sami komai ba.

Maganar ta ɗauke shi lokaci mai tsawo, ina haɗa ta kalma-kalma. Ya ce, "Ba shi da… wuri. Ki sa… a nawa."

Na ce, "Baba, za ka tashi, in sha Allahu."

Ya damƙe mini wuyan hannu. Ban san akwai sauran ƙarfi haka a jikinsa ba. Ya ce, "Alkawari."

Na ce na yi alkawari. Na ce, "Mama ta san da shi?" Ya rufe ido.

Na mayar da jakar. Takalmin yana cikin akwatina.

Asabar, 17 ga Agusta, da hantsi

Ban ci komai ba. Mace ba ta wanke namiji, ba ta sa masa likkafani, ba ta bin makara. Ta ina zan sa?

Lahadi, 18 ga Agusta, bayan magariba

Na gaya wa Yaya Munzali. Na same shi a zaure yana goge takalmansa na ofis, na tsuguna na faɗa masa duka, na buɗe ledar.

Ya daɗe yana kallon takalmin. Na ɗauka zai ce to.

Ya ce, "Kin san abin da kike faɗa kuwa? Musulmi da likkafaninsa kaɗai yake tafiya."

Na ce, "Yaya, shi ya roƙa."

"Ya roƙa saboda kin cika masa kai da labarin mutanen da ba su san Allah ba. Mutum yana kwance yana neman cikawa da kalmar shahada, ke kina ba shi labarin kare da tsuntsu. Ni zan tsaya wurin wanka, da liman, da Malam Isma'il amininsa. In ce musu me? Ku dakata in cusa takalmi?"

"Ba sai sun gani ba."

"Allah fa?"

Ya sassauta murya ya ce, "Zulfa, ni na bi kwatar nan. Na san abin da yake ji fiye da ke. Amma ba zan aika ubana gaban Ubangiji da abin da ban san hukuncinsa ba. Addu'a za mu yi wa Affan, ita ce take isa." Shi ma yau ya faɗi sunan.

Da na miƙe ya ce, "Kada Mama ta ji wannan. Kada ta ga abin nan. Sai dai in so kike mu yi jinya biyu."

Ya ajiye buroshin ya fita ba lema.

Litinin, 19 ga Agusta, da yamma

Gwaggo Baraka ta dawo da jakar kayanta. Yaya Munzali ne ya aika bensikin, wato ɗan acaɓa, ya ɗauko ta. Ya ce Mama ta gaji, ana buƙatar hannu. Gwaggo ta shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakin Baba. In na shiga ta shiga, in na fita ta fita.

Talata, 20 ga Agusta, bayan azahar

Na kai masa kunu, Gwaggo ta karɓa ta ce ita za ta ba shi. Idonsa yana kaina. Ya kalli saman kwaba, ya kalle ni. Na gyaɗa masa kai.

Laraba, 21 ga Agusta, da hantsi

Ba na cewa Yaya Munzali ya yi kuskure. Na san abin da aka koya mana a islamiyya, kuma ni ma a kai nake so in mutu. Na yi sallah na roƙi Allah ya nuna mini hanya, ban ga komai ba.

A babi na uku na aikina na rubuta cewa fiffiken nan "al'adar mutanen wurin ce." Inge ta ja layi a ƙarƙashi ta ce ina hujja, tunda a duk kaburburan wurin jariri ɗaya ne aka yi wa haka. Lokacin na ji haushinta. Yau ina ta tunani, wataƙila ba al'adar kowa ba ce. Wataƙila mutum ɗaya ne, uwar yarinyar ko mijinta, ya ce wallahi ba za a ɗora ɗan nan a kan ƙasa mai sanyi ba. Wataƙila an yi masa faɗa. Wataƙila wani babba ya ce ba a taɓa yi ba. Shi dai ya je ya nemo tsuntsun.

Ni kuma nawa yana cikin akwati, a ƙarƙashin rigunan sanyi.

Alhamis, 22 ga Agusta, da yamma

Numfashinsa ya canza da safe. Muka kai shi asibiti a taksi, ruwa har ƙofar mota a wasu wuraren. Sun riƙe shi rabin yini, sannan likita ya ja Yaya Munzali gefe. Da suka gama magana muka dawo da shi gida.

Bai ƙara buɗe ido sosai ba. Mama tana zaune a kansa tana karanta Yasin. Ta bar ni na riƙe ƙafarsa.

Juma'a, 23 ga Agusta, bayan la'asar

Ruwa ake yi.

Asabar, 24 ga Agusta, da sassafe

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Asabar, bayan magariba

Na ɗaure takalmin a cinyata da ɗankwali, a ƙarƙashin zane, tun kafin gari ya gama wayewa. Haka na yini da shi.

Maza suka shiga wanka suka rufe ƙofa. Na tsaya a bakin ƙofar da tulun ruwan ɗumi, in an buƙata in miƙa. Yaya Munzali ya leƙo karɓar ruwa. Na kalle shi. Ya kalli ƙasa, ya girgiza kai sau ɗaya, ya karɓi tulun.

Da aka gama suturta shi aka ce mata su zo su yi bankwana. Muka shiga a jere, Gwaggo tana riƙe da hannuna, matan maƙwabta cike da ɗaki, kowa yana kallon kowa. Na durƙusa a gefensa. Farin yadin yana ƙamshin turare. Hannuna yana kan cinyata, ina jin tudun abin a ƙarƙashin zane. Na ce, "Baba, na yafe maka, ka yafe mini." Gwaggo ta ɗaga ni ta ce kuka yana ƙona mamaci. Muka fito. Mama ce ta shiga a ƙarshe.

Aka ɗauki makara. Na bi har zaure, nan mata suke tsayawa. Na ga bayan Malam Isma'il, na ga lemomi, suka sha kwana.

Yaya Munzali ya dawo da taɓo har gwiwa. Na ji yana gaya wa wani cewa sai da aka kwashe ruwa daga kabarin da bokiti kafin a sa Baba.

Na san abin da irin wannan ƙasa take yi. Ba zan rubuta ba.

Talata, 27 ga Agusta, da hantsi

An yi sadakar uku. Mutane daga Kotto, daga Logbaba, tsoffin abokan aikinsa na Port. Kowa ya ce mutumin kirki ne. Wata mata ta tambayi ta kusa da ita ko ni ce mai hoton nan.

Alhamis, 29 ga Agusta, bayan azahar

Inge ta yi ta'aziyya. Ta ce in ɗauki lokacin da nake buƙata, amma a sanar da ofishin jami'a kafin ƙarshen wata. Ban amsa ba.

Yaya Munzali ya kawo mini gasasshen kifi da bobolo, dafaffen rogon nan na cikin ganye, a leda, ya ajiye a ƙofar ɗakina. Ya ce, "Ki ci wani abu." Na ce na gode. Iyakar maganarmu ke nan tun ranar.

Lahadi, 1 ga Satumba, da safe

Jirgina ya tashi jiya, ban da ni.

Talata, 3 ga Satumba, bayan azahar

Gwaggo ta koma gidanta. Gidan ya yi shiru.

Ina kwance Mama ta turo ƙofa, da mayafin takaba. Tun da na zo ba ta shigo ɗakin nan ba. Ta zauna a bakin gado ta ce, "An taɓa jakar Malam."

Na tashi zaune.

Ta ce, "Na sauko da ita in goge, na ga ledar ba ta ciki. Yana wurinki?"

Na ce, "Mama, kin san da shi?"

"Duk shekara ni nake goge jakar nan. Shi yana ɓoye mini don kada in gani, ni ina mayarwa yadda ya ajiye don kada ya san na gani. Me ya ce miki?"

Na faɗa mata. Ranar Juma'a, da alkawarin, da abin da Yaya Munzali ya ce a zaure. Ban rage komai ba. Ta saurara, hannuwanta a kan gwiwa. Na jira ta ce irin abin da Gwaggo take cewa.

Ta ce, "Yayanki kika je wa."

Na ce, "Na ji tsoro ne, Mama. Na ga kamar kina ƙyamata."

Ta ce, "Haushinki nake ji. Kin tafi kin bar shi yana ƙirga Lahadi." Ta gyara mayafinta. "Bayan kun fita aka bar ni da shi ni kaɗai, aka ja ƙofa. Na daɗe a ciki. Wa zai caje matar mamaci? Da ni kika gaya wa, Zulfa."



Ta miƙo hannu. Na buɗe akwati na ɗauko na ba ta. Ta kwance ledar, ta juya takalmin, ta goge ƙasansa da bakin mayafinta, ta sa yatsa biyu a ciki.

Ta ce, "Ya ma yi masa yawa. Da girma na saya, don ya daɗe yana sawa."

Ta tashi ta fita da shi.